Tsadar Mai da Aikin Gona: Hanyoyin Rage Shan Man Injuna

Gabatarwa

A yau da wuya a sami aikin gona guda ɗaya da bai taɓa man fetur ko dizal ba. Tarakta ce ke yin kaftu da haro, injin ban ruwa ne ke riƙe da noman rani, a babur ake kai taki gona, a mota kuma ake fitar da amfani zuwa kasuwa. Ko manomin da ke aiki da fartanya da shanun huɗa yana biyan kuɗin mai a cikin farashin takinsa da kuɗin dakon buhunansa. Saboda haka duk lokacin da lita ta tashi a gidan mai, ribar gona ce ke raguwa.

Ya kai manomi, farashin lita ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne yawan litar da kake ƙonawa a kowace hekta, kuma a nan ne ake asarar da ba a lura da ita. Wannan bayani zai nuna maka abubuwan da ke juya farashin mai, domin ka daina jiran ranar da zai koma yadda yake a da, sannan ya bi injunan gona ɗaya bayan ɗaya ya nuna inda mai ke zurarewa da yadda za a toshe. An kuma tanadi wasu gwaje-gwaje masu sauƙi da malamin gona zai iya nuna wa manoma a fili.

Abin da ke juya farashin mai

Abu na farko shi ne farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya. Ana sayar da shi ne da dalar Amurka a kan ganga, kowace ganga kuwa lita 159 ce. Wannan farashi ba ya zama wuri ɗaya. A watan Yuli na 2008 ganga ta kai kimanin dala 147. A watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, ta faɗi ƙasa da dala 20. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta haura dala 120. A wannan shekara ce farashin dizal a Nijeriya ya tashi daga kimanin naira 300 zuwa kimanin naira 800 a kan lita, masu hayar tarakta kuma suka ɗaga kuɗin aiki nan take.

Ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai ta OPEC, wadda aka kafa a 1960 kuma Nijeriya ta shiga a 1971, takan rage ko ta ƙara yawan man da membobinta ke haƙowa domin daidaita farashi. Tun daga 2016 tana yin haka ne tare da wasu ƙasashe irin su Rasha. Haka nan rikici a yankin Gabas ta Tsakiya yakan girgiza kasuwa, domin a lokacin zaman lafiya kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin ruwan Hormuz yake bi.

Abu na biyu shi ne darajar naira. Tun da da dala ake ƙiyasta ɗanyen mai, idan naira ta faɗi mai zai yi tsada a gida ko da ganga ba ta motsa ba a waje. A watan Yuni na 2023 aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da canji, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 700, kuma a farkon 2024 ta haura naira 1,500.

Abu na uku shi ne manufar gwamnati. Shekaru da dama gwamnati ce ke tsayar da farashin fetur tana biyan rarar a matsayin tallafi. A watan Janairu na 2012 an yi yunƙurin cire shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, bayan zanga-zanga aka tsaya a 97. A watan Mayu na 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Matatar Ɗangote da ke Legas, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na shekarar. Gasar da ta biyo baya ta ɗan sauko da farashi a cikin 2025. Duk da haka matatar gida ma da farashin duniya take lissafin ɗanyen man da take saye.

Abu na huɗu shi ne nisa. Daga bakin teku ake ɗauko mai a tanka, tankar kuma dizal take sha. Shi ya sa lita ta fi tsada a Maiduguri ko Sakkwato a kan Legas, ta kuma fi tsada a ƙauye wajen 'yan bumburutu a kan gidan mai na gari.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu da manomi zai iya juyawa daga gonarsa. Hawa da saukar farashi sun zama ruwan dare. Wanda ya tsara nomansa bisa fatan mai zai yi araha ya yi gini a kan yashi.

Fara da awo

Yawancin manoma sun san nawa suka kashe a mai a mako, amma ƙalilan ne suka san lita nawa hekta guda ta ci daga shuka zuwa girbi. Ba za ka iya rage abin da ba ka auna ba. Hanyar awon kuwa ba ta buƙatar komai sai gorar da ka san ma'auninta da littafi. Cika tankin inji fal kafin ka fara aiki, ka rubuta lokaci. Idan ka gama, sake cika shi da gorar awo, ka rubuta lita nawa ya ci, awa nawa ya yi, da faɗin filin da ya yi wa aiki. A mota ko babur sai ka rubuta kilomita. Yi haka sau uku ko huɗu, za ka san shan injinka na gaskiya. Duk ranar da ka ga shan ya ƙaru alhali aikin bai ƙaru ba, injin yana gaya maka akwai matsala tun kafin ya tsaya.

A ƙarshen damina ko rani, raba jimillar litar da yawan buhunan da ka samu. Wannan adadi, wato lita nawa buhu guda ya ci, shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada kanka da shi shekara bayan shekara.

Injin ban ruwa

A noman rani, musamman shinkafa, alkama, tumatir da albasa, injin ban ruwa ne ya fi cin mai, kuma a nan ne aka fi samun rangwame idan an kula.

Da farko ka san cewa kowane ɗigon ruwa da ya hau gonarka da mai ya hau. Ruwa mai zurfin santimita ɗaya a kan hekta guda lita 100,000 ne. Injin da ke ba da lita 500 a minti sai ya yi minti 200, wato sama da awa uku, kafin ya ɗaga wannan ruwa. Idan kana ƙara santimita biyu fiye da buƙata a kowane ban ruwa, kana ƙona man kusan awa bakwai a banza, ga kuma takin da ruwan zai wanke zuwa ƙasa. Babban abin da ke jawo haka shi ne rashin daidaita fangali. Idan gefe ɗaya ya fi tudu, dole ka cika kwarin ya yi ambaliya kafin tudun ya jiƙe. Baje ƙasa sosai kafin shuka, da rage girman fangali a inda fili ke da gangare, aikin yini biyu ne da zai rage maka mai har ƙarshen rani.

Kada ka ba da ruwa don kawai ranar ta zagayo. Tona ƙasa kamar zurfin tafin hannu, ka dunƙule ta. Idan ta dunƙulu ba ta wargaje ba, akwai sauran laima. A shinkafa, bayan shuka ta kafu, ba dole ba ne ruwa ya kwanta kullum. Ana iya barin fangali ya tsotse na 'yan kwanaki kafin a sake cikawa, in ban da lokacin fure, wanda a cikinsa tilas ruwa ya kwanta. Ban ruwa da sassafe ko da yamma ya fi na tsakar rana, domin zafi da iskar hunturu suna kwashe wani kaso kafin ya shiga ƙasa.

Ajiye injin kusa da ruwa gwargwadon hali. Famfo ya fi iya turawa a kan zuƙowa, kuma da zarar tsayin zuƙo ya doshi mita bakwai, ruwan da yake bayarwa yakan ragu ƙwarai alhali yana shan mai kamar kullum. Idan ruwan rijiyar fadama ya ja baya a ƙarshen rani, haƙa rami ka sauke injin ƙasa. Ka duba mesar zuƙo da mahaɗarta, domin ƙaramar kafa da ke shigar da iska ta isa ta raunana aikin gaba ɗaya. Sanya rariya a bakin mesa don kada yashi da ciyawa su cinye farfelar.

Kaurin mesa ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan aka tura ruwa iri ɗaya ta mesa mai inci biyu, tirjiyar da zai gamu da ita ta kusa ninki bakwai na wadda zai gamu da ita a mai inci uku. Haɗa inji mai baki inci uku da mesa mai inci biyu don arahar mesa, arha ce da ba ta ado. Miƙe mesa, rage lanƙwasa, ka kuma ɗaure wuraren da ke yoyo.

Daga ƙarshe, kada ka buɗe totur har ƙarshe sai da dalili. Ƙarfin da famfo ke buƙata yana hawa da sauri fiye da ruwan da yake bayarwa: idan aka rage gudunsa da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da yake nema yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A inda ruwa ba shi da nisa, matsakaicin totur ya fi ba da ruwa mai yawa a kowace lita. Gwada da kanka: cika ganga mai lita 200 a totur daban-daban kana duba agogo, ka kwatanta da man da aka sha a awa.

Tarakta

Ko da haya kake yi, shan man tarakta ya shafe ka, domin daga aljihunka yake fita. Kaftu da garmar faranti yakan ci tsakanin lita 15 zuwa 25 a hekta gwargwadon nauyin ƙasa da zurfin aiki, haro kuwa bai kai haka ba. Tambayar farko ita ce, shin gonarka tana buƙatar kaftu kowace shekara? A jigawa mai yashi, sau da yawa haro ɗaya da huɗa sun wadatar. Kowane zagaye da ka rage ya rage mai, ya kuma rage takurewar ƙasa a ƙarƙashin tayoyi.

Lokacin aiki yana da muhimmanci. Busasshiyar ƙasa tana wahalar da inji, mai caɓi kuma tana sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Jira ruwa ya jiƙa ƙasa ya tsane. Kada a zurfafa garma fiye da santimita 20 zuwa 25 sai in akwai dalili, domin kowane ƙarin zurfi ƙarin ƙasa ne da za a ɗaga a juya. A bi gona ta tsawonta don a rage juyi a ƙarshen layi. Idan manoman da ke maƙwabtaka suka haɗa kai aka yi musu aiki rana ɗaya, an huta da man da tarakta ke ƙonawa a hanya tsakanin ƙauyuka.

Ga direba, akwai ƙa'idar da aka daɗe da tabbatarwa: idan aikin mara nauyi ne, kamar haro mai sauƙi ko jan tirela, ƙara giya ka rage totur. Gudun tafiya bai canja ba, amma inji yana juyi a hankali, kuma ana iya rage shan mai da kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Idan baƙin hayaƙi ya fara fita ko inji ya fara nishi, an wuce gona da iri, sai a sauko da giya. Wannan ƙa'ida ba ta shafi injunan da tarakta ke juyawa ta sandar baya ba, kamar na sussuka, domin su suna buƙatar cikakken juyin da aka ƙayyade musu.

Malamin gona zai iya nuna santsin taya cikin sauƙi. Yi wa tayar baya alama da alli. Auna nisan da tarakta ta yi a juyi goma garma a ɗage, sannan a sake garma a cikin ƙasa. Idan na farko mita 45 ne na biyu 36, an yi asarar mita 9, wato kashi 20 cikin 100. Abin da ake so a tarakta mai ja da tayoyin baya shi ne kashi 10 zuwa 15. Idan ya wuce haka, a rage zurfin garma, a daidaita iskar taya, ko a ƙara nauyi a ƙafafun baya.

Mota da babur

A kan hanya, halin direba ya fi komai tasiri. Tashi da ƙarfi da taka birki da ƙarfi su ne manyan ɓarayin mai, domin duk gudun da ka kashe da birki da mai ka saye shi. Hango gaba, ka ɗaga ƙafa tun da nisa idan ka ga rami, kasuwa ko shingen bincike. Shiga babbar giya da wuri ba tare da ka wahalar da inji ba. Yawancin motoci sun fi tattalin mai a tsakanin kilomita 60 zuwa 80 a awa. Daga 80 zuwa 100, turjiyar iska takan ƙaru da fiye da rabi, kuma lodin da aka tula sama da kan mota yana ƙara ta.

Duba iskar taya kowane mako da safe kafin ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska tana cin mai, tana kuma saurin mutuwa. Lodi fiye da ƙima yana tilasta tafiya a ƙaramar giya, yana karya sifirin, yana kuma jefa rayuka cikin haɗari. A ɗaya ɓangaren, mota ta je kasuwa da rabin kaya ta dawo wayam ita ma asara ce. Ƙungiyar manoma za ta iya tsara rana guda ta fitar da amfani, motar kuma ta dawo da taki ko iri. Idan za a tsaya fiye da minti ɗaya ko biyu ana lodi ko ciniki, a kashe inji. A babur, a kula da sarƙa, kada ta yi sako-sako ko ta bushe.

Kula da inji da adana mai

Inji da iska yake ƙona mai, kuma ƙurar hunturu da ta sussuka sukan toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. A ƙananan injuna masu kafireto, toshewar tana sa mai ya yi yawa a kan iska, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu. Duba matatar kullum a lokacin ƙura, kada kuma ka cire ta ka bar inji haka, domin ƙura za ta cinye shi daga ciki. Canja baƙin mai a kan adadin awannin da littafin injin ya faɗa. Baƙin hayaƙi daga salansa alama ce ta man da bai ƙone ba, sai a kai wa bakanike ya duba nozul ko kafireto.

Kada ka raina ɗigo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yakan haura lita biyu a kwana guda. Ajiye mai a jarka mai murfi mai kyau, a inuwa, nesa da wuta da ɗakin kwana, domin fetur yana tashi a zafi. Bar dizal ya kwanta kwana ɗaya a ganga kafin a ɗiba, a kuma tace shi. Gurɓataccen mai na gefen hanya, ko da ya fi araha, kuɗin gyaran da zai jawo ya fi ragin da aka samu. Kada a zuba mai inji yana aiki ko yana da zafi.

Wasu hanyoyin da za a duba

Tun bayan 2023 manoma da dama sun juya injunan ban ruwansu zuwa gas ɗin girki, wasu kuma sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Kowanne yana da wurinsa. Na hasken rana yana da tsada a farko, amma ba ya shan mai, ya kuma fi dacewa da lambu da rijiya marar zurfi. Juyawa zuwa gas sai a hannun wanda ya ƙware, da tukunya da mesa masu inganci. Kafin ka yanke shawara, koma ga littafinka: lita nawa kake ƙonawa a rani guda, nawa ne kuɗinta, rani nawa za ka yi kafin sabon injin ya biya kansa? Shanun huɗa ma ba su tsufa ba. A ƙaramar gona suna yin huɗa, noma da dako, suna kuma ba da taki.

Kammalawa

Ya kai malamin gona, manomi ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. A zagayenka na gaba, ɗauki gorar awo, ganga, alli da igiyar awo, ka zaɓi gona ɗaya a yi gwajin a gaban jama'a, a rubuta sakamakon, a dawo bayan an gyara mesa da fangali a sake aunawa. Kai kuma manomi, fara da abu ɗaya a wannan mako, wato rubuta man da injinka ya sha. Daga nan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ka fara da waɗanda ba sa buƙatar kuɗi. Da yayyafi kogi kan cika. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiharku. Allah ya ba da damina da rani masu albarka.